Yadda Ake Kai Wa Manya Maganar Aikin Gini Har Su Yanke Hukunci

Duk wanda ya taɓa riƙe aikin gini ya san wannan kiran. Ƙarfe tara na dare, ka dawo gida ƙurar siminti ba ta gama fita daga wuyanka ba, sai ga wayar mai gida: “Injiniya, ya aikin?” Kafin ka yi tunani bakinka ya riga ka: “Alhamdu lillahi ranka ya daɗe, aiki na tafiya.” Alhali yau kwana huɗu tifa ba ta sauke yashi ba, masu ɗaurin rodi sun ajiye aiki saboda kuɗin satin jiya, ga hadari ya fara haɗowa ta gabas.

Ba ƙarya ka yi niyya ba. Haka aka rene mu: ba a tarar babba da mugun labari, ba a yi masa musu, in ya faɗi magana sai a ce “to”. A zaure wannan tarbiyya ce mai kyau. A wurin gini kuwa tana cin kuɗi, wani lokaci har ta ci rai. Na daɗe ina kai-kawo tsakanin leburori da masu sa hannu a takardar kuɗi, kuma ayyukan da na ga sun tsaya cik, galibinsu an san matsalarsu a sayit makonni kafin ta isa kunnen wanda zai iya magance ta. Ladabinka ka sa shi a gaisuwa, da zaɓen lokaci, da zaɓen wurin magana. Lamba da rana kuwa, ka kai su yadda suke. Ga yadda nake yi, daki-daki.

Mataki na farko: gano wane ne babban a wannan aikin

Kalmar “manya” tana ruɗa sabon shiga. A aiki ɗaya akwai mai sa hannu, akwai mai riƙe da kuɗi, akwai mai faɗa a ji, kuma ba lallai su zama mutum ɗaya ba.

In ginin ɗan kasuwa ne, a takarda Alhaji ne komai. Amma wataƙila babban ɗansa ne ke tura kuɗi, Hajiya kuma ita ce za ta zo ta ce kicin ɗin nan ya yi ƙunci, a rushe. In ba ka gano haka da wuri ba, sai ka gama filasta mai ra'ayin gaske za ta leƙo. In kamfani ne, manajan darakta yana kallon riba da sunan kamfani, daraktan kuɗi yana kallon abin da zai fita a wannan watan kawai. In kuwa aikin gwamnatin tarayya ne, dokar ba da kwangila ta 2007 ta ɗora alhakin kuɗi a wuyan babban sakatare a ma'aikata, a hukumomi kuma a wuyan shugaban hukumar. Jihohi da dama sun yi tasu dokar a kan wannan tsari. Shi ya sa za ka ga minista ko kwamishina ranar buɗe gini yake tambaya, babban sakatare kuma yana tambayar ina takardar amincewa: shi ne masu binciken kuɗi za su tsare da tambaya bayan an naɗe rumfar biki.

Ka ɗauki takarda ka jera su. Gaban kowane suna ka rubuta abin da yake da ikon amincewa da shi, da abin da ke hana shi barci game da aikin, da hanyar da yake son a same shi. Wani ba ya buɗe imel ko kaɗan, amma saƙon murya a WhatsApp zai saurara ko yana cikin mota. Wani kuma in ba wasiƙa mai hatimi ba, a wurinsa ba a gaya masa komai ba.

Masu tsaron ƙofa ma kada ka raina su: sakatare, mai taimaka wa yallaɓai, har direba. Direba ya san ranar da ake tunkarar mai gida da ranar da ake kauce masa. Sai dai kada ka ba su saƙon da ya shafi kuɗi ko laifin wani, don saƙon baka yana ƙara ƙiba a hanya.

Kuma kada ka tsallake ubangidanka na kusa. In manajan darakta ya kira ka kai tsaye, ka amsa masa gaskiya, kana ajiye waya ka kira manajan aikin ka faɗa masa abin da aka tambaye ka da abin da ka ce. Ya ji daga bakinka ya fi ya ji a taro.

Mataki na biyu: tun ran gini, tun ran zane

Zaman farko, lokacin da kowa ke murmushi ba a kashe ko kwabo ba, shi ne lokacin neman abubuwan da daga baya za su yi nauyin faɗa. Ka nemi a tsayar da ranar rahoto, sau ɗaya a mako. Ni Alhamis nake zaɓa, don mutum ya samu damar tura kuɗin biyan ma'aikata kafin Asabar, ita Juma'a kuwa rabin yini ce. Ka nemi a faɗa maka iyakar kuɗin da za ka iya kashewa ba tare da ka tambaya ba, don kada ka riƙa tashin babban mutum daga taro a kan kwalin ƙusa. Ka tambaya, a gaban kowa, wane ne kaɗai ke da ikon cewa a canza abin da ke cikin zane.

Na ƙarshe kuma shi ne wanda mutane ke jin kunyarsa. Ka ce: “Ranka ya daɗe, in matsala ta taso, kana so in sanar da kai nan take ko in jira ranar rahoto?” Ban taɓa ganin wanda ya ce a jira ba. Wannan amsar tasa ita ce izininka ranar da za ka kira shi da labari mara daɗi.

Mataki na uku: tara hujja kafin ka buɗe baki

Littafin sayit, wanda ake cikawa kullum kafin a tashi: leburori nawa, birkila nawa, kafinta nawa, abin da aka sauke, abin da aka zuba, awa nawa ruwan sama ya tsayar da aiki, wa ya zo, me ya ce. Hoto daga wuri ɗaya a kowane mako, don a jera a ga bambanci. Hoton rodi kafin a rufe shi da kankare, da ma'auni a jikinsa, domin in an zuba an gama, babu mai ganinsa kuma. Takardar kowace tifa da kowace motar siminti. Sai sakamakon gwajin kankare, waɗannan 'yan dunƙulen da ake zubawa a mazubi ranar aiki a kai ɗakin gwaji a matse su, wasu a kwana 7, wasu a kwana 28. Na kwana 7 yakan kai wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfin da ake sa rai, saboda haka shi ne ke fara yi maka gargaɗi.

Ba duka za ka kai wa babba ba. Amma wanda ya san duk abin da ya faɗa akwai takardarsa a jaka, muryarsa ba ta rawa.

Mataki na huɗu: juya maganar injiniya zuwa maganar mai kuɗi

A nan yawancinmu ke faɗuwa. Mun sha wahalar koyon manyan kalmomi a makaranta, sai mu ga kamar asara ce mu bar su a aljihu. Babban mutum kuwa abu uku kunnensa ke kamawa: nawa, yaushe, kuma me zai faru da ni in abin ya lalace. Duk maganar da ba ka kai ta ɗaya daga cikin ukun nan ba, ta bi iska.

Ɗauki gwajin ƙasa. In ka ce ana bukatar binciken yanayin ƙasa kafin a zana harsashi, zai ji kamar wata hanyar cin kuɗi ce. Amma ka ce masa: “Ranka ya daɗe, ƙasar nan baƙar laka ce, irin wadda ake samu a sassan Borno da Gombe da Adamawa. Da damina tana kumbura, da rani ta tsattsage, gini kuma yana bin ta. Kuɗin gwajin bai kai na ƙofar gaba da ka zaɓa ba. In ba a yi ba, tsagar bango za ta iya fitowa bayan damina biyu, lokacin 'yan haya sun shiga.” Yanzu ya ga kuɗi, ya ga lokaci, ya ga sunansa.

Ko maganar rodi. Wani abokinsa zai ce masa ai mai 12 ma ya isa, me za a yi da mai 16, bambancin milimita huɗu ne kawai. Kada ka shiga lissafin makaranta. Faɗa masa cewa ƙarfen da ke cikin mai 12 bai kai kashi 60 cikin ɗari na wanda ke cikin mai 16 ba, wato kusan rabin ƙarfen ginshiƙin ake shirin zarewa. Wannan ko wanda bai je aji ɗaya ba zai gane.

Haka in ana ƙorafin siminti na saurin ƙarewa. Kankaren da aka saba, kwanon sarki ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, yana cin buhu shida da ɗoriya a kowace mita mai faɗi da tsawo da zurfi ɗaya. Ka nuna masa girman dekin, wato shimfiɗar kankaren da ake zubawa a saman hawa, ka ninka a gabansa, ya fitar da adadin buhun da kansa. Lambar da mutum ya fitar da hannunsa ba ya musunta.

Sai tarkon “kashi nawa aka yi”. Manya suna son wannan tambayar, kuma ita ce ta fi yaudara. Ranar da aka buga kwano, mai gini zai tsaya daga titi ya ce aiki ya kai kashi 90. Kai kuwa ka san wayarin da famfo da filasta da silin da tagogi da tayil da fenti duk suna gaba, kuma kaso mai tsoka na kuɗin yana cikinsu. In ka bar shi da kashi 90 a ransa, wata uku masu zuwa duk kuɗin da ka nema zai ga kamar sata ce. Maimakon kashi, ka faɗi abin da aka gama, da abin da ya rage, da kuɗin abin da ya rage kamar yadda yake a takardar ƙididdiga, wadda muke kira BOQ. In dole sai ya ji kashi, ka ba shi biyu: na aikin da ido ke gani, da na kuɗin da aka kashe.

Mataki na biyar: rahoton da ake karantawa tsakanin taro da taro

Shafi ɗaya. In saƙon waya ne, kada ya sa mutum jan allo fiye da sau biyu. Kundin nan mai shafi arba'in da jadawali masu launi yana da amfaninsa a fayil, amma babu babban da ke karanta shi. Ga irin wanda nake turawa, lambobin ciki na misali ne:

“Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Rahoton Alhamis.
Abin da nake bukata daga wurinka: amincewa a sayi tan 6 na rodi mai 16 kafin Asabar. In ya wuce Asabar, zubin dekin zai matsa da mako guda.
Inda muke: an gama ginshiƙan hawa na biyu, kafintoci sun rufe rabin katakon dekin.
Ranar zubi: 20 ga wata, in Allah ya yarda.
Kuɗi: an kashe miliyan 38 cikin 45 da aka saki. Ragowar za ta kai mu mako biyu.
Abin da nake sa wa ido: leburori huɗu sun ce za su tafi gona da zarar ruwa ya zauna. Na fara neman madadinsu.
Hotuna uku na biye. Allah ya ƙara girma.”

Lura da abin da ya zo farko bayan sallama: bukata. In ka ɓoye ta a ƙasa, sai ya karanta layi biyu, ya ga an gama ginshiƙai, ya turo “madalla” ya rufe waya. Kuma kowace bukata ta zo da ranarta da abin da jinkiri zai jawo. “Cikin gaggawa” ba rana ba ce; kowa haka yake rubuta masa.

Tsarin nan kada ka canza shi daga mako zuwa mako. Idonsa zai saba da inda zai duba. Ko makon da ba a yi abin kirki ba ka tura, musamman ma shi. Shirun injiniya shi ke ba magulmata fili, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mataki na shida: kai mugun labari

Ranar da ka tabbatar, ranar za ka faɗa. Ba ranar da ka fara zargi ba, don kada ka zama mai ihu kullum, kuma ba ranar da ka gama neman mafita kai kaɗai ka kasa ba. In sakamakon kwana 7 ya fito ƙasa sosai da abin da ake tsammani, yau ne, tun ba a ɗora wani hawa a kai ba. Matsalar gini tana tsada da kowane layin bulo da aka ɗora mata.

Ka fara da waya ko ido da ido, takarda ta biyo baya. Babban mutum ba ya son ya fara cin karo da mugun labari a rubuce, balle a zauren WhatsApp inda na ƙasa da shi suke gani. Ka nemi minti goma shi kaɗai. Ba a gaban baƙinsa ba, ba a bakin masallaci yana sauri ba, in da hali kuma ba da la'asar sakaliya a watan azumi ba. Ka gaisa yadda ya kamata, amma kada gaisuwar ta yi tsawon da zai fara zargin wani abu. Sannan ka faɗa a jere: abin da ya faru, abin da zai ci na kuɗi da kwanaki, hanyoyin da ake da su, da wadda kai ka zaɓa.

Misali: “Ranka ya daɗe, akwai matsala, kuma na ga gara ka ji daga bakina yau. Ginshiƙai uku na gefen yamma kankarensu bai kai ƙarfin da aka rubuta ba. Hanya biyu ce. Ko mu jira gwajin kwana 28, mu tsayar da aiki a wannan gefen na mako uku, in gwajin ya nuna bai kai ba mu rushe. Ko mu rushe yanzu mu sake, kwana shida, kuɗin a kan ɗan kwangila. Ni da za ka bi tawa, a rushe yanzu.” Daga nan ka yi shiru. Wannan shirun yana da wuya, amma ka bar shi ya yi tunani, ko ya yi faɗa. In ya yi faɗa kada ka katse shi; durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. In ya sauko zai dawo kan hanyoyin nan biyu, domin su kaɗai ne a gabansa.

Kada ka fara da neman mai laifi. In laifinka ne, ka faɗa a jimla ɗaya ka wuce zuwa gyara. In na wani ne, takardu za su nuna. Injiniyan da ke shiga ofis da sunan foman a bakinsa, manya suna lura, kuma suna sanin wata rana su zai ɗora wa.

Ga wani dalili da ya sa jinkiri ba kunya kaɗai yake jawowa ba. A kwangilolin da aka rubuta bisa tsarin FIDIC, wato tsarin kwangila na ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya, wanda ake yawan amfani da shi a manyan ayyuka, ɗan kwangila yana da kwana 28 daga ranar da ya san da abin da zai jawo ƙarin lokaci ko ƙarin kuɗi ya ba da sanarwa a rubuce. In ya wuce, haƙƙin na iya faɗuwa ko da gaskiyarsa. Saboda haka in kamfanin kwangila kake wa aiki, ka zauna a kan labari wata guda don tsoron fushin manajan darakta, ka jefar masa da kuɗi ke nan. Ka buɗe kwangilar aikinku ka nemo wa'adin da ke cikinta, ka rubuta shi a bangon ofishin sayit.

Tashin farashi ma mugun labari ne da ake kaiwa da wuri. Waɗanda suka riƙe aiki a watan Fabrairun 2024 ba za su manta ba: buhun siminti ya haura naira dubu goma a garuruwa da dama, alhali shekara guda kafin nan wajen rabin haka yake. Wanda ya riƙa sanar da mai gida farashi mako-mako ya ba shi damar ya sayi kaya ya ajiye ko ya rage faɗin aiki. Wanda ya yi gum sai da kuɗi suka ƙare ya zo da sabon lissafi, shi aka kalla da idon zargi.

Mataki na bakwai: ranar da babba ya zo sayit

Ka share hanya, ka tanadi hular kwano da za ta shiga kansa, amma kada ka ɓoye komai. Gani ya kori ji: in akwai abin da ka daɗe kana roƙo a rubuce, ka bi da shi ta wurin. Ramin harsashi cike da ruwa yana sakin kuɗin injin zuƙo ruwa fiye da wasiƙa uku.

Haɗarin ziyara shi ne umarnin baka. Babba yana tafe da 'yan rakiya, ya ɗaga sanda ya ce a matsar da tagar can, a ƙara baranda a nan. Wannan ya taɓa cin ni. Wani mai gini ya zo da abokansa, ya nuna gefe ya ce a fitar da baranda. Muka ce to, muka sayi rodi, muka zuba. Ranar biya ya kalle ni ya ce, “Injiniya, ni cewa na yi a duba.” Wataƙila ma gaskiyarsa ce, haka ya tuna. Ba ni da ko layi ɗaya a rubuce, kuɗin kuwa bai fito ba.

Tun daga ranar ga abin da nake yi. A gaban mutane ba na musu, ba na kuma cewa an gama. Sai in ce: “To ranka ya daɗe, bari in auna in kawo maka abin da zai ci zuwa gobe.” Wannan bai kunyata shi ba, ni ma bai ɗaure ni ba. Kafin magariba in tura saƙo: “Kamar yadda ka yi umarni yau a sayit, a ƙara baranda a gefen kudu. Zai ci kimanin kaza, zai ƙara kwana kaza, kuma sai injiniyan da ya zana ƙarfen ginin ya duba. In ka amince za mu fara.” Ba na taɓa ko bulo ɗaya sai amsa ta zo. Abin mamaki, da yawa daga cikin irin waɗannan umarni da sun ga farashinsu suke mutuwa da kansu. In canjin babba ne, kamar ƙarin hawa, ka tuna masa zanen da hukuma ta amince da shi, KNUPDA ce a Kano, KASUPDA ce a Kaduna, ko sashen kula da gine-gine a Abuja, kuma sai an koma wurinta.

Taron ofis ma haka. Wanda ya rubuta abin da aka yanke shi ke riƙe da taron. Ka rubuta a taƙaice, wa zai yi me, zuwa yaushe, ka tura a ranar.

Mataki na takwas: neman kuɗi ba tare da roƙo ba

Kada ranar da kuɗi suka ƙare ta zama ranar da ka fara magana. Ka ba mai gida jadawalin wata uku masu zuwa: mako kaza za a bukaci kaza, don kaza. Ka sa masa yanayin shekara a ciki, domin shi a ofis mai sanyi yake. Daga Yuni zuwa Satumba ruwa na cin kwanakin aiki a Arewa, Agusta ta fi tsanani, tifa na maƙalewa a hanyar ɗibar yashi, farashinsa ya hau. 'Yan cin rani suna komawa gona. Zafin Maris zuwa Mayu yana ƙara kuɗin tankar ruwa, don kankare na bukatar ban-ruwa aƙalla kwana 7. Sallah kuma ba kwana biyun da gwamnati ta bayar ba ce, mako guda ce ko fiye. In ya san da waɗannan tun watan Afrilu, a Agusta ba za su zama uzuri a kunnensa ba.

A aikin gwamnati, ka bi satifiket ɗinka, wato takardar shaidar aikin da aka yi wadda ake biya da ita, tebur-tebur, ka san inda ya kwana. Dokar 2007 ta ce kuɗin da ya wuce kwana 60 bayan an miƙa takardunsa an tantance su ya zama biyan da aka jinkirta, kuma yana jawo ƙarin kuɗin jinkiri da kwangila ta ambata. Ba da barazana za ka ambaci wannan ba. A wasiƙar tuni ka sa ranar da aka miƙa, da adadin kwanakin da suka wuce, da aikin da zai tsaya. Babban sakatare ya san dokar fiye da kai.

Mataki na tara: in an ce ka yi abin da zai iya kashe mutane

A kan launin fenti, ko irin tayil, ko ranar buɗewa, ka faɗi ra'ayinka sau ɗaya, in an ƙi ka bi. Kuɗinsa ne, gininsa ne. Amma akwai umarnin da ba a bi: a rage rodi, a rage siminti a ginshiƙi ko dekin, a cire tokara kafin kwanakin da injiniya ya rubuta don ana saurin kai katako wani wuri, a ɗora hawa a kan harsashin da ba a zana don shi ba.

Ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas ya rufto, mutum fiye da 40 suka rasu, har da mai ginin kansa. Bayan nan jaridu suka buga wasiƙar da kamfanin injiniyoyin da ya fara sa ido a aikin ya rubuta tun watan Fabrairun 2020, inda ya janye hannunsa saboda ra'ayinsa da na mai ginin ya saɓa kan yadda ake tafiyar da aikin. Wasiƙar ba ta tsayar da ginin ba, wannan gaskiya ce mai ɗaci. Amma ta nuna cewa akwai lokacin da magana da babba ke ƙarewa a kan “ba zan sa hannu ba”.

Ka bi ta a hankali. Fara da keɓewa da shi, ka faɗa masa da harshen da ya saba ji daga bakinka: “Ranka ya daɗe, komai ka ce ina yi, amma wannan in na yi na cuce ka. 'Ya'yan mutane ne za su kwana a ƙarƙashinsa, kuma sunanka ne a jiki.” Ka zo masa da wata hanyar rage kuɗin da ba ta taɓa ƙashin gini ba: a jinkirta katanga, a sauya tayil, a gama hawa ɗaya a bar ɗaya sai an samu hali. In bai ji ba, ka nemi wanda yake jin nauyinsa, amininsa, ko yayansa, ko wani dattijon injiniya da zai zo ya duba ya faɗi abu ɗaya da kai. Sau da yawa maganar ba ta canza ba, furfurar mai faɗinta ce ta canza. Injiniya mace ko matashi da ake yi wa kallon “yaro ne” kada su ji ƙasƙanci a wannan. Burin shi ne rodin ya shiga.

In duk wannan bai yi ba, ka dakatar da wannan ɓangaren aikin, ka fitar da ma'aikata daga ƙarƙashinsa, ka rubuta. Wasiƙar ta ƙunshi ranar da aka ba da umarnin, da abin da zane ya ce, da abin da ake so a yi, da abin da kake tsoron zai faru, da cewa ba za ka sa ido a kan wannan aikin ba in haka za a yi. Babu zagi, babu wa'azi. Kwafi ɗaya ga mai gini, ɗaya ga mai zanen ginin, ɗaya ga injiniyan da ya zana ƙarfe. In aka ci gaba duk da haka, hukumar tsara birni ta jihar da COREN, hukumar kula da aikin injiniya a Najeriya wadda rajistarka ke hannunta, suna da haƙƙin su sani, domin leburan da za su shiga ƙarƙashin dekin gobe ba su ga wasiƙarka ba. Wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kan naka kwafin, kuma wannan kwafin a gida za ka ajiye shi, ba a ofishin sayit ba.